Dara Mai Hawa Biyar

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani mai gyaran agogo da ake kira Saura-Kaɗan. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. In ka kawo agogo ka dawo karɓa, saura kaɗan. In aka cinye shi a dara, da ma saura kaɗan ya gama da kai, tari ne ya sarƙe shi, ko wani ya gifta ya tare masa haske. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da gilashin nan na ido ɗaya da masu agogo ke maƙalawa, wanda ko ruwa zai sha ba ya cirewa, don a san da wa ake magana. A faɗarsa ya taɓa gyara agogon jirgin sama jirgin yana cikin tafiya, kuma direban jirgin har yanzu yana aiko masa da gaisuwa.

Shago ɗaya suke da yayan matarsa, wani tela dogo mara yawan magana, wanda allurai ba sa rabuwa da gefen bakinsa. Tun da aka yi auren tela ya bar masa wajen taga, ya ce mai agogo sai da haske, shi kuma ya ja kekensa can ciki kusa da bokiti da tsintsiya. In rana ta karkata aiki ya lafa, sai su ɗora allon dara a kan murfin keken ɗinki, su kasa maɓallan riga, fari na Saura-Kaɗan, baƙi na tela. Kuma kullum tela ke cinyewa.

Ranar da abin ya samo asali, mai askin da ke shagon kusa yana tsaye a kansu, ga kuma wani tsohon sajan ɗan sanda mai ritaya da duk layin ke kira Saje. Saura-Kaɗan ya tura ɗa, yana sakin hannu ya ga ramin da ya faɗa, ya kai hannu zai janye. Tela ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya ce ta gefen baki an wuce wurin.

Saura-Kaɗan ya ce a wajen tela ne aka wuce wurin. Shi mutum ne da ke mayar da lokaci baya da yatsu biyu, sana'arsa ke nan. Ya miƙe ya buɗe agogon bango, ya murɗa hannun ya koma baya, ya dawo ya zauna ya ce to, yanzu bai riga ya tura ɗan ba. Mai aski ya yi dariya har ya dafa bango, Saje ya yi ta share hawaye. Saura-Kaɗan ya dubi fuskokinsu ya ga mutane ne da hikima ta girgiza, nan take ya gane abin da ya daɗe yana damunsa. Ashe duk shekarun nan ba shi ake cinyewa ba, darar ce ke da naƙasa. Waɗanda suka ƙirƙiro ta ba su san lokaci ba, shi ya sa suka yi ta da yau kaɗai, babu jiya babu gobe, kamar gida mai ɗaki ɗaya.

Kafin a rufe shaguna ya riga ya tsaya a gaban kafintan layin yana zana abu a iska. Alluna uku za a jera, wani bisa wani. Na ƙasa Jiya, na tsakiya Yau, na sama Gobe. Kowane ɗa da ke Yau yana da uba a Jiya, yana da ɗa a Gobe. In aka ci maka ɗa, ba sai ka yi baƙin ciki ba: ka sauka Jiya ka ci uban wanda ya ci ka. Tunda an ci ubansa ba a haife shi ba, tunda ba a haife shi ba bai ci ka ba, sai ɗanka ya dawo gidansa lafiya lau. Kafinta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai bai gane ba, amma in an kawo katako zai buga.

Katako kuwa akwai shi a gida. Matarsa ta je unguwa ta dawo ta tarar da kwanukanta da tukwanenta a jere a ƙasan kicin kamar an kasa su a kasuwa, kabad kuma ya zama kango, ba ko katakon jera kaya ɗaya a ciki. Da ya dawo ta tambaye shi cikin natsuwa, irin natsuwar da ya kamata mai hankali ya ji tsoro. Ya ce ta yi haƙuri, katakonta ya shiga tarihi, nan gaba jikokinta za su riƙa nuna wa baƙi kabad ɗin. Ya zaunar da ita ya bayyana mata dokar uba da ɗa tun daga tushe, ta yi ta gyaɗa kai. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ransa ashe dai ya iya zaɓen mata.

Da lokacin cin abinci ya yi, ta ajiye masa kwano a rufe. Ya wanke hannu ya buɗe, babu komai sai ƙyallin kwano.

"Uwar yara, ina abincin?"

"Ai na sauka Jiya na ba ka, Maigida. Ka ci har ka yi ƙari."

Ya ce ba haka dokar take ba. Ta ce to ya hau Gobe ya duba, ta ji kamar an ce akwai wani a can. Ya kwana da ruwa a ciki, yana ta mamakin yadda ƙaramin sani ke ɓata mutum.

Da kafinta ya gama, Saura-Kaɗan ya rubuta sunan kowane allo da jan fenti, ya kira mai aski gwaji. Mai aski na tsakiyar yi wa wani direban bas aski, ya kwashe rabin kai, ya ce wa direban ya ɗan jira yana zuwa. Aka kasa 'ya'ya. Ba a jima ba mai aski ya ci ɗa a Yau. Saura-Kaɗan ya yi murmushin manya, ya sunkuya Jiya ya ci uban. Mai aski ya sosa ƙeya ya tambaya, shin wannan da ya ci uban nasa, shi ba shi da uba ne? In yana da shi, a nuna masa inda yake ya je ya ci.

Wannan tambaya ba ta taɓa zuwa kan Saura-Kaɗan ba, amma bai bari an gani a fuskarsa ba. Ya ce da ma ya san za a zo nan, akwai allo na huɗu, Shekaranjiya, yana hanya. Mai aski ya ce to kafin ya iso shi zai kwashe 'ya'yansa ya haura Gobe, tunda can babu mai cin kowa. Ya tattara su ya jibge a sama, ya harɗe hannu ya ƙi saukowa. Saura-Kaɗan ya yi rarrashi, ya yi barazana, daga ƙarshe ya ce ai akwai na biyar ma, Jibi, wanda daga can ake koro masu ɓuya a Gobe.

Suna cikin haka direban bas ya leƙo da tawul a wuya, rabin kai fes rabi daji, ya ce an kira layinsa a tasha har an ba wani. Mai aski, wanda wasan ya riga ya shige shi, ya ce masa kada ya damu, za a ƙarasa masa askin jiya. Direban ya faɗi wasu maganganu game da uban mai aski da kakansa, waɗanda Saura-Kaɗan ya lura sun yi daidai da tsarin wasan, har ya so ya jawo shi ya koya masa.

Allon Shekaranjiya sai da katako mai nauyi, don shi zai ɗauki sauran. Saura-Kaɗan ya auna duk abin da ke gidansa da ido, ya ga babu kamar ƙofar banɗaki. Allon Jibi kuma ana son mara nauyi, sai ya ɓalle siririn katakon da ke bayan kabad ɗin kaya. Wannan karon matarsa da aiki ta ba shi amsa. Ta ɗauko rigarsa ta fita unguwa, wadda yake ji da ita kamar ƙwai, ta buga ƙusa biyu ta rataye ta a bakin banɗaki ta zama labule. Duk mai shiga sai ya ɗaga hannun rigar, duk mai fitowa sai ya goge nasa hannun a jiki. Saura-Kaɗan ya gani ya kawar da kai. Manyan mutane duk sun sha irin wannan daga iyalinsu.

Dara ta tashi hawa biyar, ta fi tela tsawo. Jibi sai da tsani, Shekaranjiya kuwa sai ka kwanta rub da ciki ka kutsa kai cikin duhu. Ta cinye rabin shagon, har masu kawo ɗinki sai sun bi ta gefe a karkace. Ciwon kuma ya bazu a layin. Mai wanki ya ƙona rigar wani, ya ce a kwantar da hankali, zai je ya ci uban dutsen gugar. Mai gyaran takalmi ya daina cewa a dawo anjima, sai ya ce takalmin yana hawa na huɗu. Duk wanda ya wuce ƙofar shagon sai ya leƙo ya tambayi Saura-Kaɗan ya mutanen Jibi, an yi ruwa a can? Shi kuma yana amsawa da gaske, yana jin cewa suna ya fara tafiya.

Yabo ya hau masa kai kamar zazzaɓi. Wata rana da layin ya cika da mutane, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a wannan dara babu mahaluƙin da zai ci shi, wanda aka haifa da wanda ba a haifa ba, don wanda ba a haifa ba ma ya san inda ubansa yake zaune. Daga can ciki, keken ɗinki ya tsaya. Tela ya ce shi zai gwada.

Da Saura-Kaɗan ya yi shiru a nan, da an yi wasa an tashi. Amma idon jama'a na kansa, baki kuma shi ke yanka wuya. Ya ce shi ba ya wasan yara, sai an sa abu a tsakani. In tela ya ci shi, ya bar masa taga, ya kwashe agogunansa ya koma wajen bokiti. In shi ya ci, tela ya fitar da kekensa baranda ya bar masa shagon gaba ɗaya. Tela ya gyara allurar bakinsa ya ce ya ji. Saje ya ce shi ne shaida, shi ne kuma alƙalin wasa, yana da usur ɗinsa na aiki har yanzu.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta tare shi tun daga ƙofa, wannan karon babu wasa a muryarta. Ta ce kabad nata ne ta yafe, ƙofar banɗaki ma ta yafe, amma tagar nan ita ce abincin yaransu. Mutumin da a cikin haske ma sai ya yi rarrafe yana neman ƙusar agogo, in an kai shi duhu me zai gani? Ta ce ta je wajen Yaya ta roƙe shi, ya ce bakin da ya ƙulla shi zai kwance, in mijinta ya zo ya ce ya janye, magana ta mutu. Maganar ta taɓa shi, don ya san gaskiya ce. Amma ya tuna fuskokin mutanen layi, sai ya dake. Ya ce ta fara tunanin irin labulen da za a sa wa shagon in ya zama nasa.

Kuma ba haka kawai yake cika baki ba, yana da dabara. Da Saje ya zo a karanta masa dokoki, Saura-Kaɗan ya ƙara uku a kan na da. Ta farko, kowane ɓangare yana da Kaka guda a Shekaranjiya, babban maɓallin kwat, wanda duk 'ya'yan suka fito daga tsatsonsa. Aka ci Kakanka, an shafe zuriyarka daga hawa biyar ɗin. Ta biyu, a Shekaranjiya babu naka babu nawa, don a can kowa ɗan'uwan kowa ne, duk abin da ka tsallake ka ci. Wannan ya sa ta ne don ya samu gajeriyar hanya. Ta uku kuwa don tela ya yi ta, kada ya ga wuta ya ce zai ja da baya: hannu ya taɓa, ya taɓa. Saje ya maimaita su yana buga ƙafa, ya ce sun shiga, ko shi mai dokar bai isa ya fitar da su ba.

Dabarar ita ce ya bar tela ya yi ta wahala a Yau, shi kuma ya zurara ƙasa, tsalle kaɗan zuwa kusurwar hagu inda Kakan tela ke zaune, ya ɗauke shi. Ya yi ta gwadawa in tela ya fita, har hannunsa ya haddace hanyar, ko ido a rufe zai je. Don ƙawa kuma ya zaɓo agoguna masu ƙararrawa daga cikin na mutane da ke jiran gyara, ya ɗora ɗaya a kowane hawa, ya saita kowanne da lokacinsa daban, ya ce ai ba zai yiwu Jiya da Jibi su zama ƙarfe ɗaya ba.

Ranar wasa aka ga darar ba za ta fita ta ƙofa ba, sai da kafinta ya warware ta. Aka fara shimfiɗa ƙofar banɗaki a bakin titi, aka kasa mata 'ya'yanta da Kakanni biyu tun kafin a rufe ta, sannan aka ɗora sauran. Jama'a ta taru, har masu jiran mota suka baro tasha. Saura-Kaɗan ya hau kujera ya yi jawabi a kan tarihin lokaci da yadda ya same shi a lalace. Da ya sauko zai zauna sai ya ga rana na dukan idonsa, ya ce ba a yi wa mai wasa haka, shi zai koma ɓangaren inuwa. Tela ya tashi ba musu. Mai aski da kafinta suka juya 'ya'yan hawa huɗu na sama, fari ya koma inda baƙi yake. Na ƙasa kuwa babu wanda ya ga dalilin ɓata rigarsa, shi kuma mai darar yana can yana gaisawa da jama'a.

Saje ya busa usur. Tela ya tura ɗa a Yau, kamar yadda ya saba a kan murfin keke. Ya ci ɗaya, ya ci na biyu. Saura-Kaɗan ya juya ya gaya wa jama'a su bar shi ya ci, mai cin bashin tarihi ne, yanzu za a zo karɓa. Don ya ɓatar da sawu ya hau tsani ya motsa wani abu a Gobe, ya sauko ya leƙa Jiya, ya sake hawa, har numfashinsa ya fara fita da ƙara. Tela bai ko ɗaga kai ba, ya ci na uku.

Sai Saura-Kaɗan ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce duk mai ƙaramin yaro ya ɗaga shi sama ya gani, don ya ba jikokinsa labari. Ya naɗe hannun riga, ya kwanta rub da ciki, ya kutsa ƙarƙashin darar har ba a ganin komai sai ƙafafunsa da mazaunansa. Ciki duhu ne, gilashin ido ɗaya kuma ba ya ganin abin da ya wuce tsawon yatsa, amma hannu ya san hanya. Aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya jawo jiki da baya, ya miƙe da ƙura har gira, ya ɗaga babban maɓalli sama yana juyawa don kowa ya gani.

Ba a yi tafin da yake jira ba. Ya ɗaga ido ya dubi abin da ke hannunsa. Fari ne tas.

Mai aski ne ya fara magana, a hankali, kamar mai ta'aziyya. Ya ce Allah ya ji ƙan Kaka, jikansa ne ya ci shi. Wurin ya fashe da dariya, Saje na busa usur yana cewa a kwashe fararen 'ya'ya daga sama har ƙasa.

Saura-Kaɗan ya ce a dakata, kuskuren hannu ne, zai mayar. Saje ya ce hannu ya taɓa, ya taɓa. Ya ce ai wannan dokar don tela aka yi ta. Saje ya ce shi a aikinsa bai taɓa ganin dokar da aka ɗinka wa mutum ɗaya ba, ko da tela ne. Gumi ya karyo wa Saura-Kaɗan, amma kansa bai tsaya ba.

"To, Saje, ka bi ni a hankali. An ci Kakana, ko?"

"An ci."

"Zuriyarsa duk ba a haife su ba."

"Ko ɗaya."

"To wanda ya ci shi ɗin ai jikansa ne. In ba a haife shi ba, wa ya ci Kaka?"

Saje ya miƙa hannu. Ya karɓi maɓallin ya durƙusa ya mayar da shi ƙarƙashi, ya ce gaskiya ne, ba a ci ba. Kafinta ya ce to in Kaka na nan, jikan ma na nan, kuma kowa ya ji ƙwas ɗinsa. Saje ya sake durƙusawa ya ɗauko. Mai aski ya ce to yanzu kuma jikan ya ɓace. Saje ya mayar. Haka tsohon nan ya yi ta durƙusawa yana miƙewa har gwiwoyinsa suka fara ƙara, jama'a kuma ta rabu biyu, 'yan an-ci da 'yan ba-a-ci-ba, har wasu fasinjoji biyu da ba su san juna ba suka cakumi kwalar juna. Daga ƙarshe Saje ya miƙe yana haki, ya ce shi bai san wanda aka haifa da wanda ba a haifa ba, abin da ya sani shi ne an kama mutum da Kaka a hannu, gaban shaidu, da rana tsaka. Magana ta ƙare.

Saura-Kaɗan ya ce to ya yarda. Amma tunda ba shi da ɗa ko ɗaya tun asali, ashe bai buga wasan ba ke nan, wanda bai buga ba kuwa ba a ce an ci shi. A nan ne tela ya zare allurai daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya ya soke su a gaban riga.

"Saje, mutum ya sa ranar wasa, an taru, bai zo ba. Mene ne hukuncinsa?"

"An ci shi."

Tela ya mayar da allurai bakinsa.

Da wani mai hankali ne, da ya tsaya a nan. Saura-Kaɗan ya ce akwai sauran magana: duk wannan a Yau ake yin ta, shi kuwa yana da labarin cewa a Jibi ya riga ya ci wasan, bari ya hau ya ɗauko hujja. Kafin a riƙe shi ya ɗare tsani har matakalar ƙarshe, ya dafa allon sama ya miƙa wuya. Daidai nan agogon Jibi, wanda ya kai wata a shagon bai ce ƙala ba, ya ga damar kaɗawa, a cikin kunnensa. Ya zabura, tsani ya tafi gabas shi ya tafi yamma, ya rungumo Gobe don ya tsira, Gobe ta taho da Yau, Yau ta taho da Jiya. Maɓallai suka watsu a titi kamar ƙanƙara, agogunan nan duk suka kama kuka lokaci guda. Allon Jibi ya yi sama ya juya, ya sauko a kan mai shi, siririn katakon ya fashe, kansa ya ɓullo ta tsakiya.

Da ƙura ta lafa aka gan shi zaune a ƙasa, allo a wuya kamar faranti, jan rubutu a ƙarƙashin haɓarsa. Bai ji ciwo ba sai a kunne. Wata mata ta tsinci agogon da ke birgima ta ce ai nata ne, wanda aka ce mata saura kaɗan. Wani ma ya gane nasa, da wani. Suka kewaye shi, sai dai allon ya hana kowa isa jikinsa, wannan ne kaɗai amfanin da darar ta yi masa.

Aka ja allon sama, kunnuwa suka hana. Aka sa sabulu, bai fita ba. Saura-Kaɗan ya roƙi kafinta ya kawo zarto. Kafinta ya ce hannunsa na rawa saboda dariya, ba zai kai zarto kusa da wuyan mutum a haka ba. Ya sunkuya ya karanta abin da ke rubuce a allon, ya ce to, ranar zai zo.

Yana tsaye a titi ya ga tela da mai aski sun ɗauko keken ɗinki sun ajiye a bakin taga, sun kwashi teburinsa da 'yan kayan aikinsa sun yi ciki da su. Ya so ya shiga ya ce a yi hankali da ƙananan ƙusoshi, allon ya tokare ƙofa ya dawo da shi baya. Tela ya leƙo ta tagar, haske na dukan fuskarsa, ya ce in ya samu shigowa akwai fitila a kan bokiti, ya bar masa.

Ya kama hanyar gida a tsakiyar titi, don gefen hanya ba ya ɗaukarsa, masu babur na kauce masa suna gaishe da mutanen Jibi. Ƙofar gidansa ma ta ƙi shi, ta gaba da ta karkace. Ya zauna a dakalin waje. Matarsa ta fito ta tsaya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ya ga idonta ya yi ja, ya kuma ga gefen bakinta na rawa, bai san wanne zai riga fita ba, kuka ko dariya. Ta koma ciki ta fito da kwano, wannan karon da abinci a ciki, ta rasa inda za ta ajiye, sai ta ɗora a kan allon, daidai hancinsa. Ya kai hannu ta dama, bai zagayo ba. Ya kai ta hagu, haka. Ta ja tsaki ta zauna kusa da shi ta ɗauki cokali.

Ya ce mata a hanya ya gano inda matsalar take. Hawa biyar ya yi kaɗan, Gata ce babu, da akwai Gata da Citta... Ta cika masa baki. Ya tauna ya haɗiye, ya buɗe zai ci gaba, ta sake cikawa.

Wani maƙwabci da ke dawowa daga aiki, wanda bai ji abin da ya faru ba, ya tsaya ya yi sallama ya tambaya lafiya, mene ne wannan a wuyansa? Saura-Kaɗan ya dubi allon, ya dubi kwanon da ke zaune daram a kai ko girgiza ba ya yi, sai ya ji ƙirjinsa ya fara buɗewa. Ya gyara zama, ya ce wannan teburi ne da ake sawa a wuya, duk inda ka je yana biye da kai, shi ya ƙirƙiro shi, kuma a duk faɗin duniya babu mai irinsa.

Matarsa ta ajiye cokalin ta shiga ciki, ta fito da ludayi.